Ƙafafun Bindigar Baba Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da ɗakin makamai na gandun dajinmu, kuma ban taɓa barin bindiga mai aibi ta fita ta ƙofata ba. Na san an ce yabon kai jahilci, to a bar ni da jahilcina na yau kawai. Maƙeri ake ce mini, duk da ban taɓa riƙe zuga-zugi ba. Aikina in wanke, in shafa mai, in ɗaure, in gwada, sannan in miƙa wa masu gadin daji makamansu. Mutane suna cewa ina da saurin fushi. Ni ban ga haka ba, abin haushi ne ya yi yawa a duniya.

A cikin masu gadin akwai wani dattijo da muke kira Baba Ɗaya, saboda ba ya harbi biyu. In ɓauna ta ji rauni ta haukace ta nufi gonakin mutane, ko wata dabba ta karye yadda ba za ta tashi ba, shi ake kira ya gama da ita ba tare da ta wahala ba. Yana da doguwar bindiga mai madubin hange, wadda ke zama a wurina sai in an kira shi, Doguwa yake ce mata. Kowace safiya in yana gari sai ya karɓe ta, ya zauna a benci ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ɗakin, ya warware wata tsohuwar jakar fata mai ɗauke da 'yan kayan aikinsa, ya bi kowane noti ya taɓa. Maganarsa guda ce: bindigar da ke rawa mai ita take fara ci.

Shekara biyu da suka wuce hannunsa na hagu ya fara karkarwa. Kowa ya gani, babu wanda ya faɗa. In za a ba shi shayi sai a zuba rabin kofi, a ce ruwan ne ya ƙare. In zai sa hannu a takarda sai mu juya muna kallon taga kamar ana bikin wani abu a waje. Idonsa garau, yatsansa na dama garau, hannun da ke tallafe bindiga ne kawai ya ci amanarsa.

Ga dokar wurinmu: duk shekara mai riƙe da doguwar bindiga zai kwanta a filin gwaji, ya harba harsashi biyar daga mita ɗari uku, huɗu su shiga cikin da'ira. In ya kasa, a karɓe bindiga a mai da shi gadin ƙofa, ya riƙa ɗaga wa motoci sanda. Bara da ƙyar ya sha, huɗu cif, na huɗun ma a kan layi. Bana kuma aka kawo mana sabon shugaba, matashi mai gilashi, wanda ko bayan gida zai shiga da fayil a hammata. Mai Fayil muka sa masa. Tun makonsa na farko ya ce wurin nan yana bukatar sabon jini, na kuma ɗaura masa wannan magana a zuciyata kamar ƙulli a bakin zane.

Dabarar da na yi ita ce in samo wa Doguwa ƙafafu, wato ƙarafa biyun nan da ake ɗaura wa bindiga a ƙarƙashin katakonta na gaba, mai harbi ya kwanta su ɗauke masa nauyi. Doka ba ta hana ba, na karanta ta sau uku. Sau huɗu na rubuta takarda kafin a kawo, kuma ba su iso ba sai ranar Talata, alhali gwaji Alhamis ne, Baba kuwa yana sintiri a daji.

Na rufe ƙofa na yi aikin da kaina. Na cire igiyar rataya daga ɗan kan ƙarfen da take maƙale a katako, na zaunar da ƙafafun a kansa da bakinsu yana kallon gaba, yadda in an naɗe za su kwanta wajen bakin bindiga. Na sa 'yar fata tsakaninsu da katakon don kada su ci shi. Na murɗa notin ƙasa har suka zauna daram, na zura takarda tsakanin bututu da katako na tabbatar babu inda ya taɓa, domin in ƙafa ta danne bututu to saiti ya tafi. Na mai da igiyar a zoben da ke jikin ƙafafun, na sa musu takalman roba tunda ƙasar filinmu tsakuwa ce.

Amma abin da ya sa na nace a kan irin waɗannan ƙafafu shi ne wuyansu. Akwai wani noti mai faɗin kai a bayansu, in ka sassauta shi kaɗan bindiga takan iya kwantawa dama ko hagu alhali ƙafafun suna tsaye inda suke. Filin gwajinmu a karkace yake, wanda ya share shi Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba. A irin wannan ƙasa ƙafa ɗaya takan yi sama ɗaya ƙasa, sai mai harbi ya juya bindigar a kan wuyan nan har ta miƙe. In ba ta miƙe ba, a mita ɗari uku harsashi zai bi gefen da ta karkata ya kuma yi ƙasa. Na daidaita notin, ba sakwakwa ba, ba tamau ba, yadda sai ka sa hannu za ta juya, in ka saki ta tsaya. Na fita na harba biyar, duk suka shiga. Akwai ɗan ma'aunin ruwa mai kumfa irin na magina da ya zo tare da su, wanda ake ɗaurawa a kan madubi ya nuna maka in ka karkace. Na juya shi a hannuna na mai da shi aljihun tebur. Na ce ƙafafu ma kaɗai ya aka ƙare, bare in liƙa wa Baba Ɗaya abin da zai gaya masa bai san miƙe ba.

Laraba da hantsi ya dawo, ƙura har gira. Na ɗora Doguwa a kan tebur tana tsaye da ƙafafunta.

"Maƙeri, me ka yi wa matar tawa? Ka saya mata sanduna?"

"An aiko da su ne a gwada, Baba. Na ce a fara da taka tunda ita ce babba."

Ƙarya na yi, ya kuma san ƙarya ce. Ya sa hannun nan na hagu a aljihu. Na nuna notin na fara cewa, "Wannan na bayan, Baba, shi ne..."

"Kai, ɗan nan," ya ce yana dariya, "ni za ka koya wa bindiga? Ranar da na fara harbi ko wando ba a fara sa maka ba."

Na yi dariya ni ma, na haɗiye sauran maganar. Ya fita wanke fuska a famfo.

Fitarsa ke da wuya sai ga Mai Fayil ya shigo duba ɗaki, abin da ya ɗora wa kansa duk jajibirin gwaji. Ya shafa yatsa a kan kanta yana neman ƙura bai samu ba. Ya zo kan Doguwa, ya dafa ta, ta kwanta dama. Ya sake dafawa, ta kwanta hagu.

"Wannan fa? Haka ake barin makami yana lilo a ɗakin nan?" Da ƙarfi ya faɗa, yadda har na waje zai ji. "In sakaci ne, zan rubuta shi a fayil ɗinka."

Na ga inuwar mutum a bakin ƙofa ta ja da baya, ban kula ba, don raina ya riga ya ɓaci. Na danne zuciyata na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce, "Uhm," ya rubuta wani abu, ya fita. Yana da nasa mabuɗin ɗakin, wannan ma na ajiye shi a raina.

Alhamis da safe na miƙa wa Baba bindigarsa, na tafi kafa allon harbi. Ƙarfe tara aka taru. Baba ya kwanta, ya buɗe ƙafafun Doguwa kamar ya shekara da su, ya tura hannun hagu ƙarƙashin gindin bindigar. Daga inda nake tsaye na ga bakin bututun tsit, babu karkarwa ko kaɗan. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Mai Fayil ya danna agogo, Baba ya harba biyar a natse.

Muka taka zuwa allon. Ramuka biyar, tafin hannuna zai rufe su duka, irin harbin da ban ga ya yi ba tun shekara biyar. Amma dukansu suna wajen da'ira, dama kuma ƙasa.

"Sifiri cikin biyar," in ji Mai Fayil, ya rubuta. "Ka yi haƙuri, Baba. Doka ce."

Baba ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya juya ya tafi yana kaɗe gwiwa.

Ni kuwa da gudu na koma inda Doguwa take. Tun daga nesa na ga ta kwanta dama tare da gangaren ƙasa. Na dafa ta, ko gezau. Na kama notin da yatsu, kamar an yi masa walda. Na duba da kyau, ga sawun haƙoran filaya sun ci ƙarfen, sabo fil yana ƙyalli. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya ce tana lilo? Wa ke da mabuɗi? Wa ke neman sabon jini?

Ban ƙwanƙwasa ofishin Mai Fayil ba. Na shiga da bindigar, na cire harsashi dai tukuna don ban haukace gaba ɗaya ba, na dangwarar da ita a kan fayilolinsa.

"Ranka ya daɗe, dubi wannan! In korar tsoho kake so, ka kira shi ka ce masa ya tafi, ai ba zai yi maka musu ba. Amma ka bi ta bayan gida ka ɗaure masa bindiga? Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana kwana da macizai don ku zauna a fanka? Jiya na yi maka bayani da bakina, ka ce uhm. Ashe uhm ɗin na mugunta ne!"

Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba. Ya bar ni har na gaji, ya cire gilashi ya goge.

"Ka gama? Ban taɓa ta ba, Maƙeri. Ko filaya ban mallaka ba. Abin da na rubuta jiya shi ne a samo wa sauran dogayen bindigogi irinsu." Ya juyo mini da takardar, ga shi kuwa a rubuce. Wannan ya ƙara mini haushi, don babu abin da ya kai ka zagi mutum ya fito da hujja ciwo.

Ya buɗe littafin doka ya sa yatsa. "Ana sake gwaji a hali ɗaya kawai: in makami ya fito daga ɗakin makamai da aibi. In mai harbi ne ya taɓa kayansa, laifinsa ne, babu sakewa. Ni ban san wanda ya ɗaure ba. In ka rubuta cewa haka ta fito daga hannunka, gobe zai sake harbi. Amma zai shiga fayil ɗinka, har da abin da ka faɗa mini yanzu."

Shekara ashirin da biyu ba tabo. Na kalli takardar da ya turo mini, na ji kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Sai na tuna ramuka biyar ɗin nan da tafin hannu ke rufewa. Na fizgi biro na rubuta cewa ni, mai kula da ɗakin makamai, na ɗaure notin wuya fiye da kima bisa kuskure. Ina cikin sa hannu aka yi sallama.

Baba ne, hularsa a hannu. Ashe ihuna har bakin famfo.

"Ranka ya daɗe, kada a rubuta wa yaron nan komai. Ni na ɗaure."

Biron ya tsaya a hannuna. Na ce, "Baba, fita. Ba da kai ake ba."

"Da ni ake." Bai ko kalle ni ba. "Jiya ina bakin ƙofa na ji kana masa faɗa bindiga tana lilo, har za ka sa a fayil. Ban tsaya ba, don ba na son kallon ana wa babba faɗa. Da safe na duba na ga gaskiya tana rawa. Na ce ya manta ne, mutum tara yake bai cika goma ba. Sai na sa filaya na ɗaure masa, don kada a gani a fili a ce aikinsa ne."

Mai Fayil ya daɗe yana kallon takardata. Wallahi na ga yana so ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a hankali, "Baba, ka san ma'anar abin da ka faɗa?"

"Na sani. Ba zan harba a kan ƙaryar wani ba."

Mai Fayil ya ɗauki takardar ya yage ta biyu, ya jefa a kwando.

A waje na tare Baba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Wa ya aike ka? Wa ya tambaye ka? Minti ɗaya ya rage, Baba, minti ɗaya! Fayil ɗina ne ko naka? In na ga dama in ƙona shi, ina ruwanka? Ka ɗaure abin da ba a ce ka ɗaure ba, ka kuma zo ka kwance abin da na ɗaura!"

"To me ya sa ba ka ce mini rawar tata da gangan ba ce?"

"Na fara faɗa ka ce ba a sa mini wando ba!"

"Kai kuma sai ka yi shiru? Kai da ke wa kowa ihu a gandun nan, har jakin mai ruwa, ni kaɗai ka ga damar jin kunya?"

Na so in ce masa hannunka ne, Baba, saboda hannunka na yi duk wannan, amma ko a lokacin maganar ta ƙi fita. Garin neman gira muka rasa ido, ni da shi, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri har muka rufe hanya. Na ji haushinsa, na ji haushin wanda ya share filin nan a karkace, na ji haushin Mai Fayil da ya ƙi zama mugun da nake bukata. Wanda na fi jin haushi ban sami inda zan kai ƙararsa ba, don da shi zan koma gida.

Da la'asar ina ɗaki ina fama da notin, na sa masa mai na naɗe shi da tsumma na samu ya warware, sai ga Baba ya shigo. An riga an ba shi rigar masu gadin ƙofa, tana rataye a kafaɗarsa, ko linkinta bai warware ba.

"Nuna mini," ya ce.

Muka fita filin, babu kowa. Bindigar babu harsashi. Na ciro ɗan ma'aunin ruwan daga aljihuna na ɗaura a kan madubi, ban nemi izininsa ba wannan karon. Ya kwanta a daidai inda ya kwanta da safe, sawun gwiwar hannunsa ma bai goge ba. Kumfar ta gudu gefe guda.

"Ka gani? Juya ta hagu, Baba. Kaɗan. Har kumfar ta zo tsakiya."

Ya juya, Doguwa ta bi hannunsa a hankali ta tsaya. Ya sa ido a madubi. Allon safe yana nan ban cire ba, da ramukansa biyar a gefe. Ya daɗe a haka, har wata tururuwa ta hau hannun rigarsa ta sauka. Ya ja numfashi ya riƙe, ya matsa kunamar bindigar, ta yi ƙaras a kan wofi. Bakin bututun bai motsa ba, kumfar ma ba ta motsa ba.

"Tsakiya," ya ce, ba da ni yake ba. "Ashe da saurana."

Ya tashi da kansa, ya ƙi hannun da na miƙa masa. Ya naɗe ƙafafun gaba yadda ya kamata, ya goge ƙurar takalman robar da gefen rigarsa, ya miƙo mini bindigar da hannu biyu. Sannan ya zaro tsohuwar jakar fatar nan daga aljihu ya ɗora mini a kai.

"Wanda za a ba Doguwa, ka gaya masa komai. In ya ce ya sani, ka yi masa ihu."

Wata mota ta yi ham a bakin ƙofa, ta sake yi. Ya warware sabuwar rigar, ya zura hannun hagu da ƙyar, ya nufi sandar yana ɓalla maɓalli.